Abin da Suka Ce Game da Babi na Tara

Asabar 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Sharhin da Dokta, masanin adabi, ya yi a kan littafina ya fito a jaridar yau, shafi guda cur. Dogo ne ya shigo da ita shago yana kaɗa ta sama. Shekara goma sha ɗaya muna gyaran firiji tare, ban taɓa ganin ya sayi jarida ba sai yau. Ya ce, "Marubuci, ajiye sifana, manya sun yi magana a kanka."

Na wanke hannu na karanta a tsaye. Dokta ya ce ba a taɓa rubuta garin nan ta ƙofar baya ba sai a littafina. Wai duk waɗanda suka riga ni daga babban titi suka hango shi, ni kuwa ta kicin na shigo. To ta ina zan shigo? Nan firiji yake. Ya ce hirarrakin sun yi tsawo a tsakiya, ƙarshen kuma kamar ana korata. Wannan gaskiya ne. Sai ya zo kan babi na tara: yara uku sun taso daga makaranta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babbar kwata ta cika a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, babban wan ya saki hannun ƙanwarsu. Ya ce shafi goma sha ɗaya ne da ba zai manta da su ba.

Can ƙasa ya ƙara wani abu, wai ɗan kuskure ne da ya kamata edita ya kama. A shafi na 140 babban wan yana ɗauke da jaka biyu, tasa da ta ƙaninsa, ɗaya a kowane hannu. A shafi na 143 ya saki hannun yarinyar. Dokta ya tambaya, da wane hannun ya riƙe ta?

Dogo ya yanke shafin ya manna a bango kusa da kalanda. Na ce ya cire. Ya ce ko zan mutu ba zai cire ba.

Lahadi 4 ga wata, biyar na yamma

Malama ta karanta sharhin da jan biro a hannu, kamar tana duba jarrabawar ɗalibanta. Ta ce, "Mijina, an yabe ka a jarida, sai wani ɗaure fuska kake kamar an ce ka saci kwamfuresar firiji." Na yi dariya don ta bar ni.

Sai ta ce, "Yaya fa? Ya ce wani abu?"

Sati biyar ke nan da na kai wa yayan nawa nasa littafin. Na same shi yana goge gilashin bas ɗin makarantar da yake tuƙawa. Ya karɓa, ya duba bangon, ya ce Allah ya sa albarka, ya cusa shi a aljihun ƙofa. Tun ranar bai kira ba. Dama shi ba mai yawan kira ba ne.

Talata 6 ga wata, tsakar rana, a cikin mota

Gida uku yau. A na farko matar gidan tana ganina ta ce wa 'ya'yanta, "Ku yi shiru, mai littafin nan ne," ta ja ƙofar falo. Minti arba'in ina canza mata fankar firiza ban ji ko tari ba. A na biyu mai gidan ya zauna a kan buhun shinkafa ya ba ni tarihinsa tun daga firamare, ya ce idan zan sa shi a littafi na gaba in rage masa tumbi.

A waya kuma, a shafukan sada zumunta, kowa da nasa. Wani ya ce babu shatale-tale a inda na sa shi, shekara talatin yana bin hanyar. Wata ta ce ta gane gidan kakarta a babi na huɗu, har ƙamshin matattakalar. Wani ya ce na raina unguwarsu, layi ɗaya kacal na ba ta, shi ma a kan bola. Wani ya ce littafin bai yi ba don bangon nasa ya ɓalle.

Duk waɗannan ba su dame ni ba. Ina neman su ma. Idan na ga an fara da "amma babi na tara" sai in wuce da sauri.

Laraba 7 ga wata, safe

Yaya bai kira ba.

Alhamis 8 ga wata, shida na yamma

Shirin rediyo da ake karanta littafina ya kai babi na tara yau. Ban san za su kai da wuri haka ba. Muna shago, ina cika wa wani firiji gas, Dogo ya ƙure murya. Mai karatun yana da murya mai kyau. Ya ja wurin da ruwan ya kai gwiwa har na ji kamar in fizge wayar wuta.

Da ya gama aka buɗe layi. Wata ta kira tana kuka. Wani dattijo ya ce irin wannan wan ba ɗan'uwa ba ne, Allah ya raba mu da haihuwar irinsa. Wata ta ce a yi masa uzuri, yaro ne. Aka yi mata ca. Sai wani ya kira, muryarsa a kwance, ya ce shi ya san gidan da abin ya faru, ba ƙirƙira ba ce, kuma babban wan yana nan da ransa, 'ya'yan mutane yake tuƙawa safe da yamma. Mai shirin ya katse shi ya sa talla.

Dogo ya kashe rediyon da kansa. Bai dube ni ba. Ya ce bari ya je ya sayo waya mai kauri, alhali nadi biyu muke da shi a ƙarƙashin benci.

Ƙarfe huɗu ake shirin. Ƙarfe huɗu Yaya yake mayar da yara gida, kuma rediyonsa ba ya mutuwa.

Juma'a 9 ga wata, safe

Na danna lambarsa sau uku, sau uku ina kashewa kafin ta shiga.

Labari ne. A bangon ma an rubuta, ƙirƙirarren labari. Ban sa sunan kowa ba. Ban sa sunan gari ba.

Asabar 10 ga wata, huɗu na yamma

Na zaga garin ba dalili. Na bi ta tsohuwar tasha, na bi ta bayan asibiti, na dawo ta kasuwar kayan gini. Da na ga hanya za ta kai ni gadar jirgi sai na juya a gidan mai. An rufe kwatar da siminti tuntuni, masu sayar da takalma ne a kai yanzu. Na sani, an gaya mini. Ban je na gani ba.

Litinin 12 ga wata, sha ɗaya na safe

Matar Yaya ta kira. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

Wani ya ɗauki hoton shafin ya tura a zauren iyayen yara na waya, ya rubuta sunan Yaya a ƙasa. Tun Juma'a iyaye takwas suka ce 'ya'yansu ba za su ƙara shiga bas ɗin ba. Yau shugabar makarantar ta kira shi ofis ta ce ya ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Shekara goma sha shida yana tuƙa motar nan, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Shi ne yake sauka ya tsallakar da kowane yaro titi da hannunsa.

Ta ce, "Abin da ya faru yana ɗan shekara goma sha uku, kai ka tono shi ka sayar a kanti? Ubanku har ya rasu bai ƙara kiran sunansa da daɗi ba. Bai isa ba?"

Na ce ina Yayan. Ta ce yana tsakar gida, ya ce a ce mini yana lafiya.

Na ƙona kwamfuresar wata mata bayan wayar. Na haɗa wayoyin wuta a juye, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Talata 13 ga wata, safe

Ban karya ba. Shayi kawai.

Talata, uku na yamma

Edita ya kira cike da murna. Bugun farko ya kusa ƙarewa, tun shirin rediyon kantuna ke nema. Za a sake bugawa ƙarshen wata. Ya ce, "Sai mu gyara abin da Dokta ya kama. Abu ne mai sauƙi, mu cire jaka ɗaya. Kalma uku ce. Ka ce to kawai."

Na ce zan yi tunani. Ya ce tunanin me, jaka ce fa.

Alhamis 15 ga wata, bakwai na yamma

Malama ta ajiye mini abinci ta zauna a gabana ba ta zuba nata ba. Littafin yana kan cinyarta, ta sa yatsa a ciki.

Ta ce, "Shekara goma muna tare, sau ɗaya ka taɓa yi mini maganar ƙanwarku Auta. Ka ce ruwa ya tafi da ita kuna yara, shi ke nan."

Na ce ai shi ke nan ɗin.

Ta ce, "Ni lissafi nake koyarwa, ban san adabi ba. Amma na ga ka gyara littafin nan sau nawa a teburin nan. Ka canza launin ƙofar wani sau huɗu. Kai ba ka mantuwa da jaka."

Na tashi na ce zan duba ko na kulle mota. Na kulle. Na tsaya a jikinta har aka kira ni ɗaukar yara daga gidan maƙwabta.

Juma'a 16 ga wata

Bai kira ba. Ban kira ba.

Lahadi 18 ga wata, shida da rabi na yamma

Taron masu karatu a laburare. Na so in ce ba ni da lafiya, Edita ya zo har gida ya ɗauke ni. Kujera sittin suka jera, mutane har bakin taga. Dokta ya zo, gajere ne ashe, yana ta shan alewar tari. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

An yi ta tambaya a kan garin. Me ya sa ban ambaci sunansa ba. Me ya sa masu kuɗin ciki duk firijinsu babu komai sai ruwa. Wannan ta ba mutane dariya, na ce abin da na gani ke nan. Wani malami ya miƙe ya yi minti goma yana bayanin cewa yarinyar ita ce talaka, babban wan shi ne hukuma, ruwan kuma zamani. Aka tafa masa. Yarinyar shekararta biyar, tana da ɗan gibi, kuma ba ta son a riƙe mata hannun dama don da shi take riƙe kwalbar ruwanta. Ban faɗa ba.

Can baya wata mata ta ɗaga hannu, da rigar aikin asibiti a jikinta. Ta ce ita ma ta rasa ƙane a ruwa, shi ya sa ta karanta babin sau biyar. Ta ce, "Kowa yana maganar babban. Ni ƙaramin nake nema. Yana nan a shafi na 140, yana tsalle a ruwa, hannunsa babu komai. Daga nan ba a ƙara ambatonsa ba sai da suka isa gida. Malam, ina ya shiga?"

Dokta ya karɓe, ya ce wannan shi ne gwaninta, marubuci ya san inda zai yi shiru. Matar ba ta dube shi ba, ni take kallo.

Na ce, "Yana nan."

Ta ce, "Na gode," ta zauna.

Litinin 19 ga wata, safe

Mama ta aiko maƙwabciyarta har shago, wai in zo. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, littafin yana saman kabad ɗinta a cikin leda tun ranar da na kai. Amma maƙwabciyar ta ce matan unguwa suna ta shiga yi mata jaje kamar jiya abin ya faru.

Na ce a ce mata aiki ya yi mini yawa, zan zo cikin sati.

Babu aiki. Firiji ɗaya ne a shagon, shi ma Dogo ya gama shi.

Laraba 21 ga wata, biyu na rana

Dogo ya cire takardar daga bango. Ban ga lokacin ba, sai tabon gam. Ya ce, "Ni ban iya karatun littafi ba, ka sani, a shafi na talatin na tsaya. Amma mutum bai kamata ya zauna yana kallon waya kamar mai jiran sakamakon asibiti ba. Ɗauki mota ka tafi. Idan an zo neman marubuci zan ce ya ƙare."

Alhamis 22 ga wata, biyar na yamma

Na je gidan Yaya jiya. Sai yau na iya rubutawa.

Na same shi a tsakar gida ya kifa keken 'yarsa yana gyara sarƙa. Ya rame. Matarsa tana ganina ta shige ɗaki ta ja labule. Na gaishe shi ya amsa kamar kullum, ya tura mini kujera da ƙafa. Ya ce in riƙe masa taya.

Na riƙe. Muka daɗe a haka.

Ya ce, "Na karanta. Sau biyu. Ka iya rubutu, ban sani ba. Wurin mai gyaran agogon nan har dariya na yi."

Na ce, "Yaya, aikinka."

Ya ce, "Bar aikin. Za su neme ni ko ba za su neme ni ba." Ya goge hannu da tsumma. "Mutumin rediyo ma bai dame ni ba. Abin da aka sani ya faɗa. Ranar nan da muka shiga gida, Baba yana tsaye da bel, kai kana karkarwa har haƙoranka na haɗuwa, ba wanda ya sa ni na buɗe baki. Ni na ce ni ne na sake ta. Ban taɓa da-na-sani ba, ko sau ɗaya. Duk garin nan su ce ni ne, ba komai, ba sa wurin. Amma kai kana wurin. Ka zauna shekara bakwai da biro a hannu, ba bel, ba Baba, ka rubuta ni ne."

Tayar tana ta juyawa a hannuna.

Ya ce, "Abin da ban gane ba shi ne jakar. Ka ba ni laifin, kuma ka bar mini jaka biyu. Mantuwa ka yi, ko so kake a kama ka?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, ban sani ba. Na ce zan je rediyo, zan je makarantar, zan rubuta a jarida.

Ya ce, "Kai dai da son taro. Ba inda za ka je sai ka fara zuwa wurin tsohuwar nan. Shekara ashirin da shida tana yi mini addu'ar Allah ya yafe mini, a gabana, da ƙarfi. Na gaji da cewa amin."

Ya mayar da keken kan ƙafafunsa ya gwada birki. Da zan tafi ya ce in gaida Malama da yara.

Juma'a 23 ga wata, safe

Edita ya sake kira. Na ce a bar jakar. Ya ce Dokta zai ce ba ma jin gyara. Na ce a bar ta.

Asabar 24 ga wata, tsakar rana

Na kai ƙofar gidan Mama na wuce. Na zaga na dawo na sake wucewa. Mai kantin kusurwa ya ɗaga mini hannu duka biyun.

Lahadi 25 ga wata, shida na yamma

Jibi da safe zan ga shugabar makarantar. Yaya ya ce zai raka ni amma a waje zai tsaya. Ban san ko zai yi amfani ba. Malama ta ce ko bai yi ba a je.

Yau na shiga.

Tana zaune a bakin gado tana ninke kayan da aka kwaso daga shanya. Ta ce, "Sai yau?" Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta fara faɗa, wai me ya kai ni tona wa ɗan'uwana asiri, yaron da ya riga ya sha wahalarsa, ko na manta shi ya bar karatu don in yi nawa. Na bar ta ta gama.

Sai na faɗa mata. Bai kai minti biyu ba. Abin da na kasa sawa a shafi ɗari biyu da sittin, ashe bai fi jimla huɗu ba. Ba zan rubuta su a nan ba, na riga na faɗe su inda ya kamata.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon bango, har na ji motar mai ruwa ta zo ta wuce. Ta kira sunan Yaya sau ɗaya a hankali, ba da ni take ba.

Sannan ta ce, "Wane hannu?"

Ban gane ba. Ta ce, "Da wane hannu ka riƙe ta?"

Na miƙa mata na dama. Ta karɓa ta juya shi, ta shafa tabon walda, ta shafa kantar da ke tafin. Ta auna shi da nata, ya fi nata nesa ba kusa ba.

Ta ce, "Ba wannan ba ne. Wancan ɗan ƙarami ne, ni nake yanke masa farce."

Ba ta sake shi ba. Da ɗayan hannun ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro wayarta ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Kira mini yayanka. Ka ce ya zo yanzu, kada ya tsaya canza riga."